Wasiƙa daga Ingila: Hanyar zama farfesan zanen gine-gine

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kano, musamman ƙannenmu masu karatun zanen gine-gine a BUK da Wudil. Ya gida, ya zafi? Tambaya guda ce ke ta dawowa a saƙonninku: ta ina ake bi a kai kujerar farfesa a wannan fanni, kuma me farfesan yake bincike a kai? Wasu sun haɗa da batun sanyi da kuɗin haya, in wuri ya rage za mu taɓa su.

Lasisin aiki daban, tsanin jami'a daban. A gida, bayan digiri na farko da na biyu da bautar ƙasa, mutum zai yi aiki ƙarƙashin ƙwararre, ya ci jarrabawa, sannan ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya, wadda aka kafa a 1969, ta yi masa rajista. A nan tsarin da aka saba shi ne karatun shekara 3, a ƙara 2, a yi aikin wata 24, sai jarrabawar ƙarshe kafin rajista da ARB, takwarar ARCON a nan. Duk wannan ba ya ba ka farfesa. Abin da ake dubawa shi ne digiri na uku, wanda kan ci shekara 3 zuwa 4, sai maƙalu a mujallun da masana ke tantancewa, kuɗin bincike da ka jawo wa jami'a, da ɗaliban da suka kammala digiri na uku a hannunka. Kyawun zane shi kaɗai ba ya ɗaga mutum daga babban lakcara.

To amma takardu! Nan ne ƙafar yawancinmu ke sarƙewa. A ce bincikenka auna zafi ne a gidajen ƙasa na Yakasai ko hira da magina. Ba ka da ikon yi wa kowa tambaya ko ɗaya sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu, kuma abin da ka tattara kafin izini ana iya zubar da shi gaba ɗaya. Za ka haɗa takardar bayani ga wanda za a yi hira da shi, takardar amincewa, fassararsu da Hausa, bayanin inda za a adana muryoyi da wanda zai iya sauraro, sai takardar auna haɗarin tafiya da inshora. Kwamitin kan ɗauki makonni, kuma ya dawo da gyara. Abin da ba su sani ba, dattijon magini ba ya sa hannu a takardar baƙo, zai ɗauka maganar haraji ce ko rusau. Don haka tun a fom na farko a nemi izinin karɓar amincewa da baki a naɗe. A rubuta cewa ta hannun mai unguwa za a shiga. A kuma saka mace cikin masu taimako, domin namiji a zaure yake tsayawa, alhali ɗakunan da ake son aunawa suna cikin gida. Wanda ya manta ɗaya, sai ya koma layi, kuma in Maris zuwa Mayu suka wuce babu izini, ya rasa bazara, wato shekara guda.

Batun abin da ake bincike, ginin ƙasa ne ke tashe, saboda siminti kaɗai na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon na duniya. A Grenoble ta Faransa akwai cibiyar CRAterre tun 1979, aikinta ke nan. Francis Kéré na Burkina Faso, mai zanen gine-gine da ya yi suna da ginin ƙasa, ya ci Pritzker, babbar kyautar wannan fanni, a 2022. Mu kuwa ga Gidan Makama, ga Gidan Rumfa, ga ragowar badala, ga tubali da azara da makuba da laso. Dmochowski, mutumin Folan, ya auna gine-ginenmu aka buga su a mujalladi 3 a 1990, Moughtin, masani daga Birtaniya, ya fitar da nasa littafin kan ginin Hausawa a 1985. Sun yi zane da tarihi, alƙaluman zafi da ƙarfin kaya ne har yanzu da sauran aiki.

Aikin ba ya son kuɗi masu yawa. A sami ƙananan na'urorin naɗar zafi da laima, a haɗa su wuri guda kwana ɗaya a ga ko karatunsu ya zo ɗaya. A rataya su tsakiyar ɗaki, kamar mita 1.1 daga ƙasa, nesa da bango da hasken rana, guda kuma a waje cikin inuwa. Su riƙa ɗauka duk minti 15, a soro mai rufin azara da ɗakin bulo mai kwano a unguwa guda, bazara da damina da hunturu. A rubuta kaurin bango, inda ƙofa ke kallo, da lokacin da ake girki. Kuskuren da aka fi yi shi ne rataya na'ura dab da kwano, sai alƙaluman su yi ƙarya. Bangon ƙasa mai kauri yana jinkirta zafin rana, amma da dare yakan sake shi cikin ɗaki, wannan ma a faɗe shi, domin mai tantance maƙala zai tambaya. Wanda ya zo neman gurbi da alƙaluman shekara guda a hannu ya fi mai tarin hotunan zankwaye saurin samun malami mai dubawa.

Sanyi kuwa akwai shi, a Disamba kafin ƙarfe 4 duhu ya yi. Haya da tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu na Najeriya, sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya yarda. A gaida malamanmu.

Wassalam, naku a Ingila.