Ranar da Safaya ta Koma Bayan Mota

Yau Asabar na ɗaura mariƙin safaya, irin mai hannu da ke buɗewa kamar ƙofa, a bambar baya ta a-kori-kurata, aikin da ya zama dole tun lokacin da na canza tayoyi zuwa masu inci 35. Kamfani ya tanadar wa safaya wuri a ƙarƙashin bodi, amma an auna wurin ne da girman tayar da motar ta zo da ita. Sabuwar ba ta shiga tsakanin ƙarafan shasi, kuma ko da ta shiga, za ta rataya kusa da ƙasa inda duwatsu za su riƙa gogarta a gangare, ranar da mota ta kafe a laka kuwa ba mai iya kai hannu gare ta.

Kafin in taɓa mariƙin sai da na shiga ƙarƙashin motar na duba yadda bambar take haɗe da shasi, domin a nan ne nauyin zai sauka. Taya mai wannan girma tare da wilinta ta haura kilo 40, kuma a hanyar gargada nauyin nan yana tsalle yana dawowa, yana fizgar duk abin da ke riƙe da shi. Bamba mai siririn ƙarfe ba za ta jure ba. Tawa ta ƙarfe ce mai kauri, na kuma ɗaure ta da notina masu lamba 10.9 a kansu (alamar ƙarfe mai ƙarfi sosai), na auna ƙarfin ɗaurin kowanne da sifanar awo maimakon in dogara da ƙarfin damtse.

Mafi yawan lokacin ya tafi ne a kan ginshiƙin da hannun mariƙin yake juyawa a kansa. Boris biyu ne a ciki, na sama da na ƙasa, irin masu siffar mazurari da ake sa wa ƙafar tirela. Na ɗiba giris a tafin hannu na riƙa danna kowane boris a kai har giris ɗin ya ɓullo ta ɗaya gefen, sannan na sa robar da ke tare ƙura da ruwa. Ƙanena ya tallabi hannun ƙarfen ni kuma ina saita shi a kan ginshiƙin. Ina ɗaure babban noti yana kai hannun yana kawowa, har muka kai inda ya daina girgiza amma bai ƙage ba. Da ya ce, "Yaya, ƙara masa kaɗan mana," ban yarda ba, domin boris da aka matse fiye da kima yana saurin cinyewa. A nan na zura fin ɗin da ke hana notin warwarewa, na lanƙwasa ƙafafunsa.

A ganina sakata ta fi kowane sashe muhimmanci, ko da yake masu saye sun fi kallon kyan fenti. Idan ba ta matse hannun da kyau a kan mazauninsa ba, ginshiƙin ne kaɗai zai ɗauki jijjigar hanya, daga nan kuma walda take fara tsagewa. Na saita ta yadda sai na danna da ƙarfi take rufuwa. Na kuma gwada fin ɗin da ke riƙe hannun a buɗe, saboda a kan tudu zai iya dawowa da kansa ya doki mutum.

Ɗora tayar bai ɗauki lokaci ba. Na matsar da farantin da ake ɗaura tayar a kansa har robar tayar ta jingina da ƙarfen mariƙin, na bar tazara tsakaninta da ƙofar bodi, tunda bodi da shasi ba tare suke murɗawa a rami ba. Safayar ta rufe lambar mota, don haka na mayar da lambar da fitilarta gefe. Kyamarar baya ma yanzu taya kawai take gani, wannan kuwa sai na samo doguwar wayar lantarki in canza mata wuri.

Da la'asar na gwada motar a hanyar ƙasa, ban ji ƙarar komai ba, sai dai bayan motar ya ɗan zauna saboda nauyin ya koma can bayan tayoyin baya. Gobe zan sake bin notinan da sifana, domin sabon ɗauri yakan saki bayan tafiyar farko.