Darasin waya a aji: abin da na fahimta

Duk malamin da ya shiga aji da niyyar koya wa yaran yanzu yadda ake danna waya, to ɓata bakinsa kawai zai yi. Ni kwamfuta nake koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo, 'yan SS1 zuwa SS3, kuma wallahi a danne-danne sun fi ni nesa ba kusa ba, yaron da wasiƙa ma ke ba shi wahala sai ka ga ya haɗa bidiyo a CapCut har da sauti da rubutu yana yawo a ƙasa. Inda suke da rauni daban ne. Duk abin da ya zo da hoto ko muryar wani mai magana da ƙarfin gwiwa, shi kenan ya zama gaskiya a wajensu.

Makarantarmu an hana shigowa da waya, ɗakin kwamfutar kuma sai ranar da aka samu man janareta, don haka sikirinshot nake bugawa a takarda in raba musu rukuni-rukuni. Kuma na lura tsofaffin labaran gida sun fi shiga kansu. Ruwan gishirin Agustan 2014 da aka yaɗa cewa yana kare mutum daga Ebola misali, da yawansu suna ƙanana amma wasu sun tuna an tashe su da tsakar dare an yi musu wanka da shi, ajin ya kaure da dariya, sai da na ce musu an samu waɗanda suka mutu saboda shan gishirin nan, wasu da dama aka kwantar a asibiti, sannan aka yi tsit. Sai Jibrin na Sudan, jita-jitar cewa Shugaba Buhari ya rasu an maye gurbinsa da wani mai kama da shi, wanda ta kai har Buhari da kansa ya fito a Poland a Disambar 2018 yana cewa shi ne dai ba wani ba. Wanda ya fi nauyi shi ne rikicin Filato na Yunin 2018, inda binciken BBC ya nuna wani bidiyon kisa da aka yi ta yaɗawa a Facebook a Kongo Brazzaville aka ɗauke shi tun 2012, amma ya taimaka wajen tunzura mutane har aka tare hanya a Jos aka kashe bayin Allah.

Abin da ya fi yi min aiki ba daga manhajar gwamnati na samo shi ba, daga Islamiyya ne. Yaran nan kusan duk sun san isnadi, sun san ba a karɓar hadisi sai an ga wa ya ruwaito daga wa, sun san ingantacce sun san mai rauni, wasu sun haddace aya ta 6 a Suratul Hujurat da ta ce a yi bincike in fasiƙi ya zo da labari. Kawai ba su taɓa kawowa a ransu cewa wannan ya shafi saƙon WhatsApp ba. To sai na ce duk takardar da na ba su, su nemo min isnadinta: wa ya fara faɗa, yaushe, a ina, shi kuma wa ya gaya masa. Kibiya biyun nan da WhatsApp ke sawa a kan saƙon da ya sha hannu, na ce su ɗauke ta a matsayin isnadin da ya yanke. Daga nan muka shiga yadda ake bin asalin hoto da Google Lens, da duba shafukan masu tantance labari irin su Dubawa da Africa Check. Maganar 'yan damfara masu neman OTP (lambar sirrin da banki ke turowa a waya) da BVN ba ta ɗauke mu lokaci ba, bayan abin da CBEX, dandalin zuba jarin bogin nan, ta yi wa mutane a Afrilun 2025 kusan kowa ya san wani da aka wanke.

Amma fa duk wannan mai sauƙi ne. Tambayar da ta tsayar da ni wata yarinya ce 'yar SS2 ta yi, ta ce "Malam, to in Baba ne ya turo a guruf ɗin gida fa?" Nan gizo ke saƙar. Kayan koyarwar da ake samu a intanet yawanci na Turai ne da Amurka, an rubuta su ne don yaron da zai iya kallon ubansa ya ce wannan ba daidai ba ne, mu kuwa a nan yarinya ta ƙaryata mahaifinta a gaban kawunnai da gwaggonni ai sai a ce boko ya lalata ta, ƙila ma a ƙwace wayar gaba ɗaya. Kuma mu faɗi gaskiya, yawancin saƙon muryar da ke cewa kar a yarda da allurar kaza ko an ga masu satar yara a unguwa kaza, ba yara ke turawa ba, manya ne, wani lokacin ma mutanen da yaron ke durƙusawa ya gaishe su. Ka koya masa gano ƙarya ka bar shi a nan, ko dai ya yi shiru abin na cinsa, ko ya yi rashin kunya a ce malamin kwamfuta ne ya koya masa.

Don haka yanzu rabin darasin a kan ladabin gyara yake. Muna yin wasan kwaikwayo a aji, wani ya fito a Baba wani a ɗa. Ba a gyara babba a cikin guruf, a same shi shi kaɗai bayan ya ci abinci ya huta, kuma da sigar tambaya: "Baba, hoton nan da aka turo maka na ga kamar an taɓa sa shi shekarun baya, ko in nuna maka?" Ka ga an ɗora laifin a kan wanda ya turo masa, girmansa bai zube ba. In abin ya fi ƙarfinka a bi ta wajen Umma ko babban yaya. Masu fitowa a Baba kam sun iya, har da gyaran murya da "kai yaro me ka sani", ranar ba a samun mai gyangyaɗi.

Wata matsalar da ta ɓullo daga baya, wasu sun zarce, komai ka nuna musu sai su ce "AI ne Malam", har sanarwar JAMB ta gaske. Wannan ma lalaci ne irin na mai yarda da komai, don dukansu ba wanda ya bincika, shi ya sa na daina ba da maki a kan "ƙarya ne" ko "gaskiya ne" sai an nuna min hanyar da aka bi.

Na roƙi firinsifal ya ba ni ɗan lokaci a taron PTA na zango mai zuwa in yi wa iyaye irin darasin takardun nan, ya ce zai duba, amma in tabbatar ban sa saƙon da wani daga cikinsu ya turo a guruf ɗin makaranta a misalan ba.