Wata arba'in ina biyan hayar akwatin da ke bayan talabijin

Uwargida ce ta gano, ba ni ba. Ni dai tun da muka tare a wannan gida a Shikago na ɗora kuɗin intanet a kan katin banki, duk ƙarshen wata su zari abinsu, ko sau ɗaya ban taɓa buɗe takardar na karanta ba. Wata Asabar tana zaune tana lissafin cefane da kuɗin wuta, sai na ji ta ce, "Maigida, wace haya muke biya kuma bayan ta gida?" Ta miƙo mini wayarta. Can ƙasa, ƙarƙashin kuɗin intanet ɗin kansa, ga wani ɗan layi: hayar na'ura, dala 15.

Muka ƙirga watanni, suka kama arba'in. Dala 600 ke nan a kan baƙin akwatin intanet da ke kwance bayan talabijin yana shan ƙura, kuma duk ranar da za mu tashi sai mun mayar wa masu shi kayansu. Abin haushin ma, ba wani aikin kirki yake yi ba. Gidan namu irin tsofaffin gidajen bulo ne na nan garin, dogo kamar jirgin ƙasa, falo a gaba, ɗakin kwana can ƙurya. In Hajiya ta kira daga Kano, wanda kan faɗo da sassafe a wajenmu saboda tazarar awa shida ko bakwai da ke tsakani, sai na fito falo da bargo, in ba haka ba fuskarta ta daskare a tsakiyar gaisuwa.

A yammacin ranar na tafi kanti da zafina. Na tsaya gaban jerin rautoci, wato na'urorin da ke raba Wi-Fi a gida, na ɗauki wadda ta fi kowace ƙahoni, eriya shida a tsaye, an rubuta AX5400 ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Na dawo gida ina taƙama, na zare akwatin kamfani, sai ga ni riƙe da wayar da ta fito daga bango, zagayayyiya mai ɗan tsinke a tsakiya wadda ake murɗawa kamar noti. Na juya sabuwar rautar gaba da baya, babu inda za ta shiga. Uwargida tana daga ƙofar kicin tana kallona, ba ta ce uffan ba, wanda ya fi magana ciwo.

Washegari bayan azahar na tare wani ɗan'uwa a masallaci, mutumin Zangon Kumasi ne, aikinsa ke nan ja wa ofisoshi wayoyin intanet. Ya sha dariyarsa tukuna, sannan ya ce, "Malam, ai akwatin nan da kake gani 'yan biyu ne a ciki ɗaya. Kai ka sayo Husaini ka bar Hassan." Modem shi ne mai magana da kamfani, shi ke karɓo intanet daga wayar bango ya sauke a ƙofar gida. Rauta kuwa ita ce mai rabon tuwo: ta zuba wa wayar kowa, da talabijin, da kwamfutar yara. In layinka na kebul ne irin nawa, dole ka mallaki duka biyun kafin ka daina biyan haya. Waɗanda ke da faiba, wato layin da ke kawo intanet ta zaren gilashi, sun huta da rabin wahalar, domin kamfani kan kafa musu ɗan akwatinsa a bango, rauta kaɗai ta rage musu, ko da yake akwai kamfanonin faiba da ke tilasta maka amfani da tasu na'urar.

Nan na sake tafka kuskure na biyu, kuma wannan rowa ce ta ja mini. Na ga wani yana sayar da modem na hannu a intanet, dala 35. Muka haɗu a bakin wani gidan mai cikin sanyi, na miƙa kuɗi, ya miƙo kaya a leda. Cinikin biri a sama. Da na kira kamfani don su kunna, suka ce in karanto musu lambar MAC da ke manne a gindinsa, haruffa da lambobi goma sha biyu waɗanda kowace na'ura ke da nata. Matar ta yi shiru tana dannawa, can ta ce wannan modem har yanzu yana rajiste a kan asusun wani, sai mai shi ya sake shi da kansa. Na kira mutumin, waya a kashe. Har yau yana cikin durowa, shi ne shaidata cewa araha ba ta ado.

Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in fara da shi. Kowane kamfanin kebul yana da jerin modem ɗin da ya amince da su a shafinsa, kuma an nuna iya gudun da kowanne zai ɗauka. Wanda ba ya cikin jerin, ko na zinariya ne ba za su kunna ba. Abin dubawa a jikin kwali shi ne DOCSIS, wato ƙa'idar da modem ke bi wajen magana da layin kebul. Mai 3.0 ya tsufa, kamfanoni suna ta cire irinsa daga jerinsu, don haka na ɗauki mai 3.1 a kan dala 140. Wani abu da ɗan'uwan nan ya tuna mini: wanda ke da wayar tarho ta gida a kan layi ɗaya, sai ya nemi modem mai mazaunin wayar tarho, galibinsu ba su da shi. Mu ba mu da ita.

Mai ƙahoni shida kuwa mayar da ita na yi, Allah ya taimaka ban yar da rasit ba. Abin da ya sa na mayar shi ne na fahimci lambar nan ta jikin kwali. AX na nufin Wi-Fi 6, AC kuma Wi-Fi 5, BE shi ne Wi-Fi 7 da ya shigo kasuwa daga baya. Lambar da ke biye kuwa haɗa-haɗa ce. Rauta tana watsa sigina a zango biyu, na 2.4 da na 5, sai su tara iyakar gudun kowanne su rubuta jimla. AX1800 na nufin kusan megabit 574 a zangon farko da 1201 a na biyu, alhali wayarka zango ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma ko wannan lissafi ne na takarda, ba na gidan da ke da bango da ƙofofi ba. Ni da nake biyan layin megabit 300, me zan yi da 5400? Tamkar mutum ya sayi tirela don ɗauko buhun shinkafa ɗaya. Na ɗauki mai AX1800 a kan dala 80. Abin da na tsaya na duba da kyau shi ne ramukan bayanta su kasance na gigabit, saboda akwai masu araha da raminsu bai wuce megabit 100 ba, kome ka biya kamfani a nan zai maƙale.

Inda na fi ƙaruwa, ban kashe komai ba sai kuɗin 'yar waya. Tun da modem da rauta yanzu kowa da jikinsa, ba dole su zauna wuri ɗaya ba. Na bar modem a falo inda wayar bango take, na sayi doguwar wayar intanet na bi da ita gefen bango, na ɗora rautar a kan kabad a tsakiyar lungun da ke haɗa ɗakuna, sama da kai, babu abin da ya tare ta. Zangon 5 ya fi gudu amma bango na cinye shi, na 2.4 ya fi kai wa nesa amma cunkoso ya yi masa yawa. Na duba wayata a falo na ƙirga sunayen Wi-Fi na maƙwabta sama da ashirin, ga na'urar ɗumama abinci da ita ma a wannan zangon take tayar da ƙura. Da na san haka tun farko, wataƙila tsohon akwatin ma da ya yi abin kirki in an fito da shi daga bayan talabijin. Amma bar wannan. Daren ranar na kira Hajiya daga kan gado, muka yi minti arba'in ana ba ni labarin bikin 'yar ƙanwata, ko gezau.

Akwai nauyin da ke dawowa kanka da zarar kaya sun zama naka, kuma masu zuga mutane su saya ba su cika faɗa ba. Akwatin haya kamfani ke sabunta masa manhaja. Taka rautar kuwa, in ba ka kunna mata sabuntawa da kanta ba, haka za ta zauna shekaru da ƙofa a buɗe. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafuka a Amurka. Don haka kafin in ba kowa sunan Wi-Fi sai da na canza kalmar sirrin shiga cikin rautar kanta, wadda daban take da ta Wi-Fi, na kunna tsaron WPA3, na buɗe wa baƙi layinsu daban. Ranar suna ko buɗa-baki gidan kan cika, kowa na neman a sa masa, kuma ba ka san abin da ke cikin wayar kowa ba.

Sai kuma ranar da intanet ya ɗauke, bayan kamar wata biyar. Na kira kamfani, suna ganin modem ba nasu ba ne suka ce matsalar daga kayana take. Sai da na jona kwamfuta kai tsaye a jikin modem, na karanto musu fitilar da ke ƙiftawa, kafin suka yarda su turo ma'aikaci. Ashe wata mahaɗa ce ta yi tsatsa a bayan gida. Wanda ba shi da haƙurin irin wannan ja-in-ja, ko ɗalibin da shekara ɗaya zai yi ya koma, ko wanda kamfaninsa ya haɗa hayar akwati da data marar iyaka a farashi ɗaya, ni ban ga laifinsa ba in ya ci gaba da haya. Ya dai yi lissafi. A 2024 an wajabta wa kamfanonin intanet a Amurka su nuna takardar bayanin farashi mai fayyace irin waɗannan kuɗaɗe, don haka a duba kafin a sa hannu.

Mayar da akwatin na kai shi da hannuna, har da wayar wutarsa, na tsaya sai da aka ba ni rasit mai ɗauke da lambar na'urar, na ɗauki hotonsa tun ban fita ba. Wata na zagayowa sai ga dala 15 ta sake fitowa a takarda. Akwai dokar da majalisar Amurka ta yi a 2019, ta fara aiki a Disambar 2020, wadda ta hana kamfani karɓar hayar na'urar da kai ka kawo abarka, ko wadda ka riga ka mayar. Ban ma kai ga ambata ta ba, hoton rasit ɗin ya wadatar, suka cire.

Gaba ɗaya na kashe dala 255 har da asarar modem ɗin durowa, ban da 'yar wayar da na ja. A wata goma sha bakwai kuɗin suka fanshe kansu. Ƙanena da ya ji labari ya ce in aiko masa Kano da na durowar tun da ba shi da amfani a nan, sai da na yi masa bayani cewa modem ɗin kebul ba shi da inda ake sa layin waya, can ko matse takarda ba zai yi ba. Ita kuwa uwargida, tun watan farko ta sanar da ni cewa dala sha biyar ɗin nan tata ce, tun da ita ta tsinto ta. Duk ɗaya ga wata sai ta tuna mini.