Ƙofar taurari ta Mass Effect da batarian dubu 300 da na kashe

Jiya wajen ƙarfe sha ɗaya na dare na gama wasan bidiyo na Mass Effect 3 karo na biyu, na aje manet na fito fada nan Bukoki, shayi na biyu yana kan wuta amma wallahi raina ba daɗi. Abokina, wanda shi ke da wanga wasan, yana ganin fuskata ya ce lafiya kuwa? Na ce maganar ƙofofin nan ce ta hana ni sakat.

Ga wanda bai taɓa bugawa ba, a cikin wasan akwai wasu manyan na'urori a sararin samaniya da ke wurga jirgi daga wannan tauraro zuwa wancan kamar ƙiftawar ido, su ne ƙofofin da nake nufi. Kowa ya ɗauka Prothean, wata tsohuwar al'umma da ta ɓace, su ne suka gina su, ashe Reaper ne, wasu manyan injina masu rai, masu dawowa duk shekara 50,000 su share duk wanda ya waye. Tarko ne suka ɗana. Wannan dabara ta burge ni tun wasan farko na 2007, kuma a can aka nuna mana ƙofofin nan ba sa lalacewa, har akwai guda mai suna Mu da tauraro ya fashe kusa da ita, ya dai tunkuɗa ta nesa amma ko kwarzane ba ta yi ba.

To sai 2011 aka fito da ƙarin labari na wasa na biyu mai suna Arrival. Nan Shepard, jarumin da kake bugawa da shi, ya tura ƙaton dutse ya daki ƙofar Alpha don ya jinkirta zuwan Reaper, ƙofar ta fashe ta cinye duk duniyoyin da ke wurin, halittun da ake kira batarian sama da 300,000 suka mutu. Ni na danna madannin nan da hannuna. Na tuna lokacin zafin watan Afrilu ne, fanka na kaɗa iska mai zafi, na zauna shiru ina kallon tele na kasa ci gaba, don sun sa na yarda cewa fasa ƙofa guda daidai yake da kashe al'umma.

Sai ga ƙarshen wasa na uku na 2012, ƙofofi suna fashewa ɗaya bayan ɗaya ko'ina, har da wadda ke kusa da duniyarmu, kuma ba wanda ya ce uffan. Ashe ana iya fasa su mutane su rayu? To waɗancan dubu ɗari uku fa? Sai da 'yan wasa suka yi ta ƙorafi kafin BioWare, mai yin wasan, ta fito da gyara a watan Yuni na shekarar, ta maida shi cewa lalacewa kawai suka yi, za a gyara.

Abokin nawa ya ce ai kayan halittun da ne, ba a gane kansu. Ban yarda ba. Masu yin wasan su suka kafa doka, su suka sa na ɗauki nauyinta. Kuma ba nan kaɗai ba, a wasan farko, a duniyar Ilos, Vigil, wata kwamfuta mai magana da Prothean suka bari, ya faɗa mana ƙarara cewa Reaper na kama Citadel, babbar tashar sararin samaniya, sai su rufe ƙofofi duka, kowa ya maƙale inda yake, haka aka gama da Prothean. A wasa na uku sun kama Citadel ɗin, sun ja ta har saman duniyarmu, amma jiragenmu dubbai suka biyo ta ƙofar Charon, wadda ke kusa da duniyarmu, a buɗe.

Mun yi ta gardama har shayi na uku ya huce, shi ya tafi gida ni kuma na koma ciki na sake ɗora wurin Vigil don in ji maganar da kunnena.