Godiya bayan jinyar ƙarambau a gidanmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdulillahi, yau auta ta koma Islamiyya, gida ya dawo daidai bayan kusan mako biyar muna fama da ƙarambau, wanda wasu ke kira farankama.

Babban yarona ya fara kwasowa, ana tsakiyar zafin bazara. Zazzaɓi ya fara yi, washegari sai ga jajayen ƙuraje a baya da ciki, suka ɗuri ruwa, wasu na bushewa wasu na fitowa, har cikin gashin kai da cikin baki. A kwana na 7 duk suka yi ɓawo. Na ɗauka mun gama. Ashe ciwon kan kwanta a jiki kwana 10 zuwa 21 kafin ya bayyana. Mako biyu cif, sai ƙannensa biyu suka kwanta tare.

Godiyata ta farko ga malamar asibitin unguwarmu. Ita ta hana ni ba su asfirin, ta ce yana da haɗari ga yaro mai ƙarambau, ibuprofen ma in bar shi, farasitamol ya isa, daidai da shekarun kowa. Ta ce in yanke musu farce, in riƙa shafa musu kalamin, maganin rage ƙaiƙayi, in yi musu wanka da ruwa mai ɗan ɗumi, in ɗan dadanna tawul kada in goge. Da ta ji ƙanwata mai tsohon ciki tana wurinmu, kuma ba ta taɓa yin ciwon ba, nan take ta ce a kawo ta a duba ta, kuma ta koma gidan Yaya har ƙuraje su bushe. Malama, Allah Ya biya ki.

Hajiya, mahaifiyar maigida, ban san da bakin da zan gode miki ba. Daren da auta ta kasa barci saboda ƙaiƙayi, ke kika sa mata safa a hannu, kika zauna kina yi mata fifita har aka kira asalatu. Da bakinta ya hana ta cin tuwo, kunu mai sanyi da nono kika riƙa ba ta cokali-cokali. Ƙurji ɗaya da ya kumbura ya yi mugunya a ƙafarta ma, idonki ne ya fara gani, muka koma asibiti aka ba ta magani.

Maƙwabtana, da na roƙi ku hana 'ya'yanku shigowa, ba wadda ta ɗauke shi da wata manufa. Sai ma kwanonin abinci da kuka riƙa miƙowa daga bakin ƙofa. Malaman makaranta da suka aiko da aikin gida, da duk wanda ya kira ya ce ya mai jiki, mun gode ƙwarai.

Ƙanwata ta sauka lafiya ranar Juma'a, an samu namiji, ita da jariri kalau. Allah Ya bar zumunci, Ya saka wa kowa da alheri.