Daren allura ta biyu

Talata, ƙarfe ɗaya da rabi na dare.

Sai yanzu barci ya ɗauke ta, ni kuma idona ya bushe, shi ya sa na jawo waya. Yau 'yata ta cika sati 10, aka yi mata ta biyu cikin alluran Penta guda uku, waɗanda ake yi a sati 6 da 10 da 14. Tsira ɗaya ce a cinya, amma cuta biyar take tarewa: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta nau'in B, sai ƙwayar Hib mai jawo wa ƙananan yara sanƙarau da nimoniya.

A karon farko ban tambayi komai ba, ba kuma wanda ya ce mini uffan. An tsira, an cika kati, an kira mai bi mini. Da jikinta ya ɗau zafi a daren nan, har cewa na yi ni da asibitin nan har abada. Yau kuwa ƙin tashi na yi daga kan benci.

"Sista, don Allah me zan gani in kwantar da hankalina, me kuma zan gani in rugo?"

Ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce zazzaɓi, kumburi da ja a wurin allurar, rigima, yawan barci ko rage shan nono, duk ba baƙon abu ba ne, kwana ɗaya zuwa biyu sun wuce. "Amma in ta yi kuka awa uku ba tsayawa, ko ta yi jijjiga, ko jikinta ya saki kamar tsumma ta yi fari, ko zafin ya kai 40, kada ki jira gari ya waye."

Ta kuma sa na zauna rabin awa kafin in tafi. Wai akwai jikin da ke ƙin allura nan take, fuska da leɓe su kumbura, numfashi ya sarƙe. Da wuya ake ganinsa, kusan sau ɗaya cikin allura miliyan, amma in zai zo a mintocin farko yake zuwa, gara ya same ki inda maganinsa yake. A zaman ne na ji cewa ɓangaren tarin shiƙa ne ya fi kawo zazzaɓin, don da ƙwayar cutar sukutum ake haɗa shi bayan an kashe ta. Da an faɗa mini haka wata guda da ya wuce, da ban kwana ina zargin an yi wa yarinya kuskure ba.

Da rana lafiya lau, barci kawai ta sha. Wajen ƙarfe bakwai abin ya fara. Na zo canza mata kunzugu, hannuna ya goga cinyar hagu, ta tsala wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Wurin ya yi ja, faɗinsa kamar tsabar kuɗi, ga tauri. Na sa ma'aunin zafi a hammatarta: 38.3.

Na rage mata kaya, na ɗora tsumma mai sanyi a cinyar, na ba ta farasitamol daidai layin da Sista ta nuna mini a jikin sirinji, gwargwadon nauyinta. Babanta yana ta kai da kawo.

"Ki ƙara mata mana, wannan ɗan ɗigon me zai yi?"

"A'a, Abban yarinya, sai lokacinsa ya yi. Kai dai duba mana agogo."

Agogon nan shi ya taimake mu. Ni a raina ta fi awa biyu tana kuka, har na fara neman mayafi. Ya ce minti 35 ne, kuma sau biyu tana tsagaitawa ta kama nono. Sai da ya nuna mini fuskar wayar na yarda. Ashe kukan ɗanka ba a auna shi da zuciya.

Sha ɗaya da rabi zafin ya sauko 37.6. Ta yi gumi a ƙeya, gashinta ya manne. Na ɗaga hannunta na saki don in gani ko jikin ya saki, sai ta damƙe mini yatsa ta yamutsa fuska. Sau uku na yi mata haka, Allah ya yafe mini.

Sista ta ce ƙullin cinyar kan iya ɗaukar makonni kafin ya baje, kada in murza. Na kwantar da ita ta ɓangaren dama, na duba katin a ƙarƙashin fitila. Ta uku nan da sati huɗu, ita ma ranar Talata ta faɗo. Na sa ƙararrawar ƙarfe uku don in sake aunawa.