Abin da Taga Ɗaya Za Ta Iya Ciyarwa

Da yawa daga cikin masu zaman gidan haya a birane, musamman waɗanda ke saman bene inda babu tsakar gida balle ɗan fegi, suna sha'awar su riƙa tsinkar ganyen miyarsu a gida, amma abin da ya fi kashe musu gwiwa shi ne sukan fara da tumatir. Tumatir da attarugu da tattasai suna buƙatar rana kai tsaye ta awa 6 zuwa 8 kowace rana kafin su yi 'ya'ya, kuma ɗaki, komai haskensa a idon mutum, ba ya ba da wannan. Shukar za ta yi ta miƙewa siririya tana karkata wajen taga, ganyenta ya yi fari-fari, idan ma ta yi fure ya kakkaɓe. A ganina, wanda zai yi shuka a cikin gida ya fara da abin da ake cin ganyensa, domin ganye ya fi haƙuri da ƙarancin haske.

Na'ana'a ce ta fi sauƙi. Ba a ma buƙatar iri, domin reshen da aka saya a kasuwa, idan aka cire ganyen ƙasansa aka tsoma shi a kofin ruwa, cikin mako ɗaya ko biyu zai fitar da fararen saiwoyi, daga nan sai a mayar da shi ƙasa. Sai dai a ba ta tukunyarta ita kaɗai, saboda saiwarta tana yaɗuwa har ta shaƙe duk abin da aka haɗa ta da shi. Haka ma ɗaɗɗoya take kamawa daga reshe, kuma idan ana tsinke kanta kafin ta yi fure, sai ta yi rassa ta cika. Gindin albasa mai lawashi da aka saba zubarwa yana sake tohowa, ƙwayar tafarnuwa kuma tana fitar da ganye mai ƙamshi da ake yankawa a kan miya. Latas yana yi, amma a lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da masu lambu ke nomansa a fadama, domin zafin bazara yana sa shi ya yi tsiri ya koma ɗaci.

Zaɓen taga shi ne rabin aikin. Tagar gabas ta fi dacewa da mu, saboda hantsi yana da haske ba tare da ƙuna ba, ita kuwa ta yamma a watan Afrilu tana iya ƙone ganye cikin yini ɗaya. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato rana tana karkata kudu a lokacin hunturu, saboda haka tagar kudu takan samu haske sosai a waɗannan watanni, da damina kuma ta rasa shi. Yana da kyau a riƙa juya tukunya duk bayan 'yan kwanaki don kowane gefe ya samu rabonsa. Akwai kuma ƙurar hunturu, wadda ke kwanciya a kan ganye ta tare hasken da tun farko bai wadata ba. Nakan goge ganyen da jiƙaƙƙen tsumma, kuma launin da ke fitowa bayan an goge yana nuna yadda shukar ta takura.

Ruwa kuwa, yawansa ya fi kashe shukar ɗaki fiye da ƙarancinsa, domin saiwa tana buƙatar iska, kuma ƙasar da ta jiƙe sharkaf ba dare ba rana tana ruɓar da ita. Dole ne a huda gindin duk abin da za a yi shuka a ciki, ko yankakkiyar jarka ce ko tsohon bokiti, kuma tukunyar ƙasa ta fi su duka saboda tana numfashi tana sanyaya saiwa. Kafin a yi ban ruwa, a tura ɗan yatsa cikin ƙasar, idan akwai danshi a ƙasa a dakata. Ruwan alwala da na wankin shinkafa suna da amfani a nan, amma ban da ruwan wanki mai omo. Abin da ba na wasa da shi shi ne ruwan da ke taruwa a farantin da ke ƙarƙashin tukunya, domin sauro yana iya kammala hayayyafa a cikinsa cikin kamar mako guda, kuma babu ganyen da ya kai a jefa yara cikin zazzaɓi dominsa. A zubar da shi duk lokacin da aka gama ban ruwa.

Ƙasar da ta fi dacewa ita ce turɓaya da aka gauraya da yashi da ruɓaɓɓen takin shanu wanda ya daina wari, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa kuma yana tara ƙuda. Idan ƙananan ƙwari suka taru a bayan ganye, a daka ganyen darbejiya, a jiƙa shi ya kwana, a tace, a fesa da yamma, sannan a wanke ganyen shukar sosai kafin a kai shi tukunyar miya.